Amsa Tambayar Ɗaurarre: Inda Ma'aikatan Laburare Suka Fi Tuntuɓe

A birnin New York na Amurka, babban laburaren jama'a yana da sashen da ke karɓar wasiƙun ɗaurarru, a bincika abin da suka tambaya, a mayar musu da amsa ta gidan waya. Buƙatar nan tana wajenmu ma a Najeriya. Ƙa'ida ta 64 cikin Ƙa'idojin Mandela na kula da ɗaurarru, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, ta ce kowane gidan yari ya kasance da laburare, kuma jami'ar NOUN ta karatu daga gida tana da ɗalibai a gidajen yarin Kirikiri da Kuje. Sai dai mai amsa irin waɗannan tambayoyi yakan manta da abu guda: wanda ya aiko ba shi da intanet, ba kuma zai leƙo gobe ya ce "ba haka nake nufi ba."

Daga nan kuskure mafi yawa ke tasowa, wato tura adireshin intanet a madadin amsa. Na taɓa ganin takardar da aka buga wa wani mai tambaya kan kiwon kaji, rabinta layuka ne shuɗaye masu cewa a latsa nan. Da me zai latsa? Gyaran shi ne a buga bayanin kansa, da sunan inda aka samo shi da shekarar. In hukuma za a nuna masa, a rubuta adireshin ofis wanda wasiƙa ke isa, bayan an tabbatar ba su tashi daga wurin ba.

Sai tambaya mai harshen damo. Wanda ya rubuta "ina son bayani kan beli" yana iya nufin sharuɗɗansa, ko wanda zai tsaya masa, ko abin yi idan an hana. Kada a zaɓi ɗaya da ka. A taɓo kowanne a taƙaice, a faɗa masa yadda aka fahimci tambayar, don wasiƙa ta biyu na iya ɗaukar makonni. A nan kuma tausayi kan ja mutum ya zama lauya, musamman da yake mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi. Kwafo masa sashen dokar kamar yadda yake, ka haɗa shi da Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Kada ka ce masa "za ka ci nasara."

Akwai kuskuren da na fi jin zafinsa: bincika laifin mai tambaya kafin a amsa masa. Da zarar ka sani, hannunka zai yi sanyi ko ba ka so. Tambayarsa aka kawo maka, ita za ka duba.

Kafin a rufe ambulan, a tambayi gandirobobi abin da ke wucewa ƙofa. Wasu gidajen kan mayar da takarda saboda ƙarfen maƙale takardu guda, ko yawan shafuka, ko taswira. Sannan a amsa da harshen da aka yi tambaya. Wanda ya rubuto da ajami, in ka aika masa shafi goma na Turancin lauyoyi, dole ya nemi mai karanta masa a ɗaki, sirrin da ya ɓoye wa kowa ya fita ke nan.