Yadda za ka haɗa ɗan kumbon roba ka sa masa wuta ba tare da haske ya tsiyaye ba

Duk wanda ya sayi ɗan kumbon nan na haɗawa, irin Millennium Falcon, kumbon fim ɗin Star Wars, na kamfanin Bandai mai sikeli 1/144, zumuɗi ke cinsa ya ga ya rufe shi a rana ɗaya. To ka yi haƙuri, in wuta za ka sa masa aikin ciki ya fi na waje yawa.

Da farko ka wanke robobin da ruwan omo su bushe, ka yanko su da ƙaramin almakashi, ka goge bakin da sanfefa mai laushi. Ka gwada haɗawa haka kawai ba gam, don ka ga inda waya za ta bi da inda batir zai zauna.

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa. Robar nan ba ta da kaurin da kake zato, kana kunna LED, wato ɗan ƙaramin ƙwan wuta, a ciki za ka ga duk jikin kumbon yana haske kamar fitilar ƙwai. Ni na farkon da na yi haka ya fito, na riga na manne komai, da na kashe wutar ɗaki sai ga haske yana fita ta kowace tsaga har ta gefen da ba taga, wallahi ranar ko tuwo ban ci da daɗi ba. Maganin shi ne ka shafe cikin da baƙin fenti shafi biyu ko uku, ka ɗaga shi saitin tocila ka duba, in babu ɗigon haske sai ka bi da fari ko silba a kai don hasken ya riƙa yawo a ciki. Amma kar fenti ya hau bakin da za a manne, gam ba ya kama fenti.

Maganar ƙwai, LED mai 3mm ya isa. Fari da shuɗi suna cin kusan bolt 3, ja da rawaya kusan 2, doguwar ƙafa ita ce fositif. Kar ka jona shi kai tsaye da batir mai bolt 9, nan take zai ƙone, sai ka sa masa resisto, ɗan abin da ke rage ƙarfin wutar, mai 470 ohm ya yi. Ni dai na fi son wayar caja ta USB mai bolt 5 da resisto 220, ka jona a fawa banki shike nan ba ruwanka da sayen batir. In ba ka iya liƙe waya da dalma ba ka kai wa mai gyaran waya, minti goma ya gama, ka ce ya rufe kowace mahaɗa kar su taɓa juna.

Injin baya kuwa shuɗi ake so kuma a baje, don haka ka ɗan goge kan ƙwan da sanfefa ko ka sa farar takarda shara-shara a gabansa.

Ƙananan fitilun nan kamar taurari da zaren fayiba ake yinsu, wato siririn zaren roba da haske ke bi ta cikinsa, mai kaurin 0.25mm ko 0.5mm. Ka huda da ɗan abin huji na hannu, ka zura zaren ka bar kamar santimita ɗaya a waje, ka ɗaure sauran bakin a gaban LED ɗaya. Kar ka kuskura ka sa masa sufa gulu, busar da zaren yake ya karye, farin gam na kafinta ya fi. Sai ka gama fentin waje gaba ɗaya sannan ka yanke tsinin daidai da jiki, bakin zai fito tas.

Kafin ka rufe, ka haɗa ɓangarorin da salatif ka shiga ɗaki mai duhu ka kunna, ka bar shi kamar awa ɗaya, ka ɗan girgiza shi ma ka ga ko wata waya za ta saki. In komai lafiya sai ka sa gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin, tsagar da ta rage ka cike da foti ka bi da baƙi.

In lokacin hunturu ne kuma ka kifa kwali a kansa yana bushewa, ƙurar nan ba ta da mutunci.