Yadda na gyara yatsan silikon mai fashewa

Yatsan mutum-mutumi mai laushi da na zuba da Ecoflex 00-30 (silikon ne da ake haɗa ruwansa biyu, A da B) a ƙauyenmu kusa da Ringim da na hura masa iska sai ya kumbura gefe guda, ya fashe. Kumfa ce sanadi. Zafin bazara kan sa haɗin ya yi kauri tun kafin cikar minti 45 da ake da su na aiki da shi, iska ta maƙale ciki.

Da na zo zuba sabo, na tsoma robobin A da B, a rufe ruf, cikin randa suka yi sanyi. Na auna giram 20 kowanne, na gauraya a hankali minti 3, na tsiyaya siriri daga sama, na bubbuga mazubin. A ƙasan yatsan na shimfiɗa ƙyallen atamfa. Shi ke hana ƙasan miƙewa, dole yatsan ya lanƙwasa.

Bayan awa 4 na hura da sirinji, lafiya lau. Safar hannu ta lateks kuwa, kada ta taɓa haɗin, ba zai daskare ba.