Kyamarar da Ke Mutuwa Bayan Magariba: Kurakuran Lissafin Wuta a Na'urorin Intanet

Wani Alhaji mai shagon kayan gini a nan Gombe ya kira ni ransa a ɓace. Kyamarori takwas aka saka masa, amma kullum da an idar da Magariba sai uku su ɗauke, ba sa dawowa sai gari ya waye. Har ya fara zargin maigadinsa. Na je na tsuguna gaban akwatin da suwic yake ciki, wato na'urar da kebul ɗin kyamarorin ke haɗuwa a ramukanta, take kuma ba su wuta, na share ƙurar da ta rufe rubutun jikinsa, sai na ga wat 65 ne iyakar abin da zai iya rabawa. Da rana kowace kyamara ba ta cin wat 6, saboda haka komai lafiya. Duhu na yi fitilun ganin dare suka kunnu, cin ya kusan ninkawa, suwic ya ga nauyin ya fi ƙarfinsa, ya datse na ƙarshe. Na ce, "Alhaji, a ƙyale bawan Allahn nan. Tuwon ne ya kasa masu ci."

Kuskuren da na fi tararwa ke nan: a ƙirga ramukan suwic, a manta da ƙirga wat. Tura wuta ta cikin kebul ɗin intanet, abin da muke kira PoE, yana da ƙa'idojin da hukumar IEEE ta shimfiɗa. Ta farko, 802.3af ta shekarar 2003, tana ba rami ɗaya wat 15.4, amma abin da na'ura za ta dogara da shi 12.95 ne, sauran ya salwanta a hanya. A 2009 aka fito da 802.3at mai wat 30, na'ura ta samu 25.5. Ta 2018, wato 802.3bt, ta kai 60 har 90. Sai dai don an rubuta cewa kowane rami yana iya ba da 30, ba a ce duka takwas za su bayar a lokaci guda ba. Akwai jimillar da suwic ya mallaka, ita ake nema a takardarsa kafin a biya kuɗi. A tara mafi girman cin kowace na'ura, na dare ba na rana ba, sannan a bar rara. Idan suwic ɗin mai saiti ne, a ba ramin kyamarar ƙofa fifiko, domin ranar da wuta ta gaza ita ce za ta rage a kunne.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan tsada. Wasu eriyoyin kamfanonin Ubiquiti da MikroTik suna amfani da adafta mai tura bolt 24 kai tsaye, ba sallama. Suwic mai bin ƙa'ida kuwa sai ya gwada layin ya tabbatar na'urar tana son wuta kafin ya saki. Yaron da nake koya wa aiki ya taɓa cakuɗa adaftocin wurare biyu a buhu ɗaya, duk baƙaƙe, duk kama ɗaya. Warin ƙonewar da ya biyo baya har yanzu yana hancina. Tun daga ranar nake liƙa farin tef a kan kowace adafta in rubuta bolt ɗinta da biro.

Sai batun lissafin inbata, wanda nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa. Lambar da ke jikin adafta ba ita ce abin da na'ura ke ci ba, iyakar abin da adaftar za ta iya bayarwa ce. Rautar da aka rubuta wa bolt 12 da amfiya 2, wato wat 24, galibi ba ta kai can. Wani ya tara waɗannan lambobin ya sayi sola fiye da buƙatarsa, wani kuma ya yi akasin haka, ya ga an rubuta 1000VA a jikin UPS, na'urar batir mai riƙe kaya in wuta ta ɗauke, ya ɗauka wat 1000 ne, alhali ƙananan da ke kasuwa wajen wat 600 suke ɗauka. Maganin ƙaramin mita ne na soket. A jona, a bar shi kwana ɗaya cur, a karanta. Daga nan lissafi ba wuya: batir mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe da wat-awa 2400 a takarda, amma in na ruwa ne ba a son a sha fiye da rabinsa, saura 1200. Kaya masu cin wat 150 za su samu awa takwas, a cire abin da inbata ke ci don kanta. Wanda ya ce maka zai kai ka kwana biyu, batir ɗinka yake son kashewa. Zafin Maris da Afrilu ma ba ya raga masa: irin wannan batir a zafin digiri 25 aka auna rayuwarsa, ƙarin wajen digiri 10 kuma yana raba ta biyu. Ga shi mu a ɗaki mai rufin kwano, ba taga, muke kulle shi don tsoron ɓarayi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yawancin suwic masu saiti a shirye suke su faɗi abin da suke ci, ba a tambayarsu ne kawai. Harshen da ake tambayarsu da shi sunansa SNMP. Tun 1994 ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da takardar ƙa'ida mai lamba RFC 1628 domin UPS ya riƙa faɗin ragowar cajinsa da mintocin da suka rage masa. RFC 3621 ta 2003 kuma ta PoE ce, tana nuna jimillar wutar suwic da abin da aka ja daga ciki, har tana ba da damar kunna rami ko kashe shi daga nesa. Daga baya kwamitin EMAN na IETF ya zo da RFC 7326 a 2014 da RFC 7460 a 2015 don a samu tsari guda na auna wuta a kowace irin na'ura. Ba duk kamfanoni ne suka aiwatar da waɗannan na baya ba, da yawa nasu tsarin suke bi. Duk da haka manhajoji na kyauta irin LibreNMS da Zabbix suna karanta mafi yawansu. Tsohuwar kwamfuta ɗaya ta isa ta zana maka yadda cin wutar ke hawa da sauka a mako. Da Alhaji yana da wannan, da tun daren farko ya ga inda layin ya yi tsalle.

Amma a kula da wace lamba ake karantawa. Abu guda da ya burge ni a RFC 7460 shi ne ta ce na'ura ta bayyana asalin lambar da ta bayar: aunawa aka yi, ƙiyasi ne, ko kuwa tsayayyar lamba ce da aka rubuta mata. Bambancin ba ƙarami ba ne. Suwic da yawa suna ware wuta bisa ajin na'ura: aji na 1 wat 4, na 2 wat 7, na 3 wat 15.4, na 4 wat 30. Wayar tebur mai cin wat 5, in ba ta faɗi ajinta ba, 15.4 za a keɓe mata. Sai suwic ya ce ya cika, alhali rabin wutarsa na zaune. Kunna LLDP, hanyar da suwic da na'ura ke gabatar da kansu ga juna, a ɓangarorin biyu yakan sa su daidaita a kan ainihin buƙata.

Kada kuma a kunna SNMP a bar masa kalmar sirrin da ya zo da ita, wadda kowa ya san public ce. A juyin SNMP na 1 da na 2c kalmar a fili take tafiya cikin kebul. In an bar damar rubutu a buɗe, ɗalibi mai ƙiriniya a cibiyar jarrabawa zai iya kashe kyamarar zauren daga kujerarsa. Juyi na 3 yana da tantancewa da ɓoye saƙo, shi ake so.

Fasahar 802.3az ta 2010, mai sa rami ya ɗan yi gyangyaɗi idan ba saƙo, a bar ta a kunne. Tana aiki ne in ɓangarorin biyu sun san ta. Idan wata tsohuwar na'ura ta fara yankewa, a kashe a raminta kaɗai, ba a duk gidan ba.

Inda ake samun sauƙi na gaske shi ne dare. Tunda fetur ya tashi a 2023 kowa ya koyi kashe fanka da firji, amma na'urorin waifai na makarantu suna kwana a kunne suna yi wa kujeru hidima. Guda goma masu cin wat 10, awa 12, wat-awa 1200 ke nan, daidai da duk abin da batir ɗin can zai iya bayarwa. Suwic masu saiti da yawa suna da jadawalin kashe rami da ƙarfe kaza. Sai dai a tabbatar agogon suwic ɗin yana karɓar lokaci daga intanet ta NTP, don wasu da wuta ta ɗauke suke manta kwanan wata, ka tarar sun kashe waifai da hantsi ana tsaka da darasi. Ramin kyamara da na wayar maigadi kuma kada su shiga jadawalin.