Kurakuran da ake yi wajen ƙara wa jirgin ɗaukar hoto gudu

Mai ƙaramin jirgi mara matuƙi irin na kamfanin DJI, da zarar hannunsa ya faɗa, sai ya fara jin jirgin ya yi masa nawa. Daga nan sai a ɗauko sukundireba. Gaskiya abin yana damuna, don yawancin jiragen da ke lalacewa a wannan gaɓar lafiyarsu ƙalau kafin a taɓa su.

Farfela ake fara canzawa, kuma nan ne ɓarnar ta fi yawa. Mutum zai sayo mai tsananin lanƙwasa ko wadda ta fi ta asali tsawo, yana ganin za ta fi kwasar iska. Za ta kwasa, amma da wutar wa? Injinan jirgin da na'urar ESC mai raba musu wuta, an auna su ne daidai da farfelar da kamfani ya saka. Ka ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu, sai su ɗau zafi, batir ya zube da wuri. Lissafin ma ba ya tafiya kai-tsaye: in saurin juyawar farfela ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, ƙarfin da take ci yakan ƙaru da kusan kashi 33. A zafin bazara abin ya fi muni, saboda iska mai zafi ba ta da kauri, dole injin ya ƙara wahala kafin ya ɗaga jirgin. Ita kuwa farfelar kabon, taurinta na tura girgiza cikin kyamara har hoto ya riƙa rawa, kuma in jirgi ya faɗi ba ta karyewa da sauƙi, sai hannun jirgin ko injin ya sha dukan. Maganin shi ne ka koma kan ta asali, ka jefar da duk wadda bakinta ya ɓantare, ka kuma duba alamar da ke nuna wadda ke juyawa dama da mai juyawa hagu.

Sai masu taɓa manhajar cikin jirgi don su ƙara masa sunkuyawa. Da sunkuyo jirgin yake tafiya gaba, kuma duk sunkuyon da ya ƙara, ƙarfin da ke riƙe shi a sama ne ke raguwa. Sai ka ga yana zamewa ƙasa yana gudu, farfela na leƙowa cikin hoto, mariƙin kyamara ya kai maƙura ya karkace. Garanti kuma ya tafi. Kafin ka kai nan, ka gwada yanayin Sport, wato yanayin gudu da jirgin ya zo da shi, tukuna. Jirgin DJI Mini 3 Pro na kai mita 16 a daƙiƙa a cikinsa, wato kusan kilomita 58 a awa. Sai dai ka sani a wannan yanayin jirgin ba ya kauce wa bango ko bishiya da kansa, kuma yana buƙatar fili mai tsawo kafin ya tsaya.

Ɗaura ƙarin batir ba ya kawo gudu, nauyi yake kawowa. Jiragen Mini an ƙera su ƙasa da giram 250 ne da gangan, don a Amurka da Turai dokoki kan tsananta daga wannan nauyin. Batirin da ya kumbura kuwa kada ka sake cajinsa, kada kuma ka bar kowane batir cikin mota a rana.

Akwai kuskuren da ba na sukundireba ba ne: auna gudu da iska a bayanka. Lokacin hunturu za ka ga jirgi ya tafi kamar kibiya, wajen dawowa sai batir ya ƙare a hanya. Ka fita kana fuskantar iska, ka dawo tana tura ka.

In hoton gudu kake so, sauko da jirgin kusa da ƙasa a filin da ba mutane, ka sa gilashin ND mai rage haske a kyamara don motsi ya fito da laushi. In kuwa gudun kansa ne ke ranka, jirgin FPV ne naka, wato wanda ake tuƙawa da tabarau mai nuna abin da kyamarar jirgin ke gani. DJI FPV na 2021 na kai kilomita 140 a awa, ko ka haɗa naka mai farfela inci 5 da manhajar Betaflight, inda kowane hannu da inji ake sayar da shi daban in ya karye. Ka fara koyo a manhajar gwaji ta kwamfuta kafin ka tashi na gaske.