Yadda za ka gane risiban da kasuwa ta raina a diraft ɗin sabbin shiga

Duk wanda ya saba da FPL na Firimiya, in ya shigo fantasin ƙwallon Amurka abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne a nan ɗan wasa ɗaya na mutum ɗaya ne. Babu zancen kowa ya sa Haaland kyaftin a mako guda. In abokinka ya ɗauki yaro to ya ɗauka ke nan, sai dai ku zauna ku yi ciniki. A tsarin dainasti kuwa, wato lig ɗin da kake riƙe 'yan wasanka shekara da shekaru, babbar ƙofar da sabon jini ke shigowa ita ce diraft ɗin sabbin shiga, wato zaɓen sabbin 'yan wasa bi da bi, wanda yawanci ake yi bayan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta gama nata a ƙarshen Afrilu.

Zagayen farko ba shi da wata wahala, kowa ya san sunayen, har wanda bai taɓa kallon wasan jami'a ba zai iya buɗe Sleeper ya bi jerin da manhajar ta ba shi. Aikin yana zagaye na uku da na huɗu, inda rabin 'yan lig sun riga sun gaji, wani ma ya bar wa kwamfuta ta zaɓa masa. A nan ake neman risiba, mai cafe ƙwallon da ake rubutawa WR, wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da abin da ya kamata.

Abu na farko da zan ce maka ɗan'uwa, yaro ba ya yin araha haka kawai. Akwai dalili. Aikinka shi ne ka nemo dalilin ka rubuta shi a layi ɗaya, sannan ka tambayi kanka: wannan dalilin zai hana a riƙa jefa masa ƙwallo? Domin makin fantasi na risiba daga nan yake fitowa, musamman a lig ɗin PPR da ake ba da maki ɗaya kan kowace cafewa. In dalilin arahar shi ne wai ba shi da gudu a awon yadi 40, ko jami'arsa ba ta da suna, ko ya ji rauni a shekararsa ta ƙarshe alƙalumansa suka ragu, wannan araha ce ta gaske. In kuwa dalilin shi ne ya yi shekara huɗu a jami'a ba ya iya rabuwa da mai tsaronsa, to wannan ita ce arahar da ba ta ado, ka bar wa mai rabo.

Mu ɗauki Puka Nacua, tunda shi ne sunan da kowa ke kira in an zo wannan maganar. A 2023 Los Angeles Rams suka ɗauke shi a zagaye na biyar, na 177 a jerin gaba ɗaya, daga jami'ar BYU bayan ya baro Washington. Me ya sa ya faɗi har can? Rauni ya yi ta damunsa, bai buga duk wasannin shekararsa ta ƙarshe ba, gudunsa kuma ba na a zo a gani ba ne. A lig da yawa sai a zagayen ƙarshe aka ɗauke shi, wasu ma ba a ɗauke shi ba sam. Yaron nan ya gama kakarsa ta farko da cafewa 105 da yadi 1,486, ya karya tarihin yadin sabon shiga da Bill Groman ya kafa tun 1960. Ni dai a lig ɗinmu ina da zaɓi biyu a zagaye na huɗu a shekarar, na wuce shi har sau biyu, na je na ɗauki wani mai gudun tsiya da na ga bidiyonsa na minti uku a YouTube ana ta kiɗa a bayansa, wanda yau ko sunansa ba na son tunawa. Laifina ne, ban yi aikin da zan gaya maka yanzu ba.

To ga aikin. Ka daina kallon jimillar yadi, ka koma kallon kaso. Jami'o'in Amurka ba iri ɗaya suke wasa ba, wata jifa take yi kamar ba gobe, wata kuma gudu da ƙwallo ne abincinta. Saboda haka yadi 900 a wuri ɗaya ba daidai yake da yadi 900 a wani wurin ba. Ka ɗauki yadin yaron ka raba da yadin jifan ƙungiyar gaba ɗaya. A ce misali ƙungiya ta yi yadi 3,000 shi yana da 900, kashi 30 ke nan cikin ɗari. Ka yi haka da TD ɗinsa, wato sau nawa ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki, ka haɗa biyun ka raba biyu. Masu lissafin fantasi kan ɗauki kashi 20 a matsayin layin da in yaro ya tsallake shi an ce ya fashe. Abin da ya fi kason muhimmanci ma shi ne shekarunsa nawa lokacin da ya tsallake. Ɗan shekara 19 da ke cin kasuwarsa a gaban 'yan 22 daban yake da ɗan 23 da ya jira manyan suka tafi sannan ya fara haskawa a kan ƙannensa. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta. Amon-Ra St. Brown a shekararsa ta farko a jami'ar USC ya cafe ƙwallo 60, alhali risiba Michael Pittman Jr. da ya riga shi zuwa na nan a ƙungiyar, amma duk da haka a 2021 sai da aka ɗauki risiba 16 kafin Detroit su kira sunansa a zagaye na huɗu, na 112. Har haddace sunayen sha shidan ya yi.

Ga yaron da rauni ya cinye masa wasanni kuwa, kaso na shekara guda zai yi maka ƙarya, domin ana lissafa har wasannin da yake zaune a benci da sanda. Nan ne yadi-kan-kowace-fita ke aiki, alƙaluman da kamfanin PFF da ire-irensu ke tarawa: yadin da ya samu a raba da yawan lokutan da ya fita neman ƙwallo. Wani ya yi yadi 900 a fita 450, biyu ke nan. Wani ya yi 600 kacal amma a fita 200, uku ke nan. A jimilla na farkon ne gaba, amma na biyun shi ne wanda duk sanda ya shiga fili mai jifa ke nemansa. Irin wannan ma'aunin ne ya nuna Nacua tun kafin a san shi, ga shi kuma BYU har miƙa masa ƙwallo suke yi a hannu ya ruga da ita, kuma koci ba ya ƙirƙiro wa yaro hanyar taɓa ƙwallo sai in ya san shi ne mafi haɗari a cikin yaransa.

Maganar gudun yadi 40 da ake yi a Indianapolis, kada ta ɗauke maka hankali. A 2017 John Ross ya yi daƙiƙa 4.22, Cincinnati suka ɗauke shi na 9, ya gama kakar farko bai cafe ko ƙwallo ɗaya ba. A diraft ɗin nan dai Cooper Kupp na ƙaramar jami'ar Eastern Washington ya yi 4.62, aka ɗauke shi na 69, a 2021 ya cafe 145, yadi 1,947, TD 16, ya fi kowa a duka ukun. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai dai fa akwai inda zan taka maka birki, kuma nan ne mutane ba sa son ji. Zagayen da NFL ta ɗauki yaro shi ne ma'aunin da ya fi kowanne faɗin gaskiya. Ƙungiyar da ta kashe zaɓin zagayen farko ko na biyu a kan yaro za ta yi ta ba shi dama ko yana zubar da ƙwallo, saboda mutuncin masu zaɓen na rataye a wuyansa, shi kuwa ɗan zagaye na shida kuskure biyu a atisaye ya isa a sallame shi kafin Satumba. Nacua da St. Brown da Stefon Diggs, wanda shi ma ɗan zagaye na biyar ne a 2015, muna tuna su ne saboda sun yi fice, tarin 'yan uwansu na rana ta uku, wato 'yan zagaye na huɗu zuwa na bakwai a diraft ɗin NFL, da suka ɓace ba mai ambatonsu. Don haka ni ƙa'idata ita ce, 'yan zagaye na biyu da na uku na NFL da suka zame a diraft ɗinmu su nake fara farauta, irin Terry McLaurin da Washington ta ɗauka na 76 a 2019, wanda aka raina saboda ya ɗan manyanta kuma a Ohio State rabon ƙwallo ake yi tsakanin mutane da yawa. Ɗan rana ta uku kuma sai da zaɓin ƙarshe-ƙarshe. Kar son yaro ya sa ka ɗauke shi a 2.03, wato zaɓi na uku a zagaye na biyu, alhali zai kai 3.10. In ka biya farashin mai tsada to ai arahar ta tashi, saura kasadar kawai ka saya. Kuma alƙaluman ma ba wahayi ba ne, N'Keal Harry ya fashe tun yana ƙarami a Arizona State, New England ta ɗauke shi a zagayen farko a 2019, komai ya yi daidai a takarda, abin bai yiwu ba.

Bayan wannan sai ka leƙa gidan da ya sauka. Ba sunan ƙungiya za ka duba ba, ko ta ci kofi ko ba ta ci ba bai dame ka ba. Ka buɗe jerin risibobinta ka ƙirga mutum nawa ne a gabansa da gaske, su wa suka tafi, ƙwallayen da ake jefa wa waɗanda suka tafin wa zai gaje su. Lokacin da St. Brown ya isa Detroit, Kenny Golladay ya koma Giants, Marvin Jones ya tafi Jacksonville, ɗakin kusan fayau yake, ga Jared Goff mai son jifa gajere ta tsakiya, daidai inda yaron ke tsayawa. Rams kuma a 2023 sun sallama Allen Robinson ga Pittsburgh, ban da Kupp babu wani tsayayye, ga koci Sean McVay da mai jifa Matthew Stafford. Da Kupp ya ji ciwo a cinya ya rasa wasanni huɗun farko sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Raunin Kupp ba wanda zai iya hango shi a watan Mayu, amma cewa kujera ta biyu babu kowa a kanta, wannan kowa na iya gani in ya duba.

Sannan ka kalli wasa da idonka, gani ya kori ji. Amma don Allah ba bidiyon ƙwarewa ba, wanda ni ya kai ni ya baro. Ka nemi cikakken wasa guda biyu, ɗaya da babbar jami'a, ɗaya wanda aka ce bai yi komai ba a ciki. Ka manta da inda ƙwallo take, shi kaɗai za ka bi. In mai tsaro ya matso ya tsaya masa a hanci tun daga layi, yana iya kuɓucewa ko nan yake maƙalewa? In ya zo juyawa yana rage gudu ya yi taku biyar ne ko sau ɗaya yake dasa ƙafa ya karya? Da hannu yake cafe ƙwallo nesa da jiki ko jira yake ta daki ƙirjinsa? Kuma ka lura da abin da ba ya kawo maki ko ɗaya: yana tare wa mai gudu hanya? Koci irin McVay yana barin risiba a fili ne in yana wannan aikin datti, wanda ke fili kuma shi ake jefa wa. Yaron da duk cafewarsa sai da mutum manne a jikinsa ya yi tsalle ya ƙwace, abin na da daɗin kallo, amma ni tsoro yake ba ni, domin masu tsaron NFL sun fi na jami'a tsawo da ƙarfi, kuma ma'anarsa tun a jami'a ba ya samun sarari.

Labaran atisayen watan Yuli da Agusta, ka saurara da kunne ɗaya. Kowane yaro tauraro ne a bakin 'yan jaridar garinsu. Abin da kawai nake nema shi ne ko yana atisaye da 'yan sahun farko, da kuma ko an hutar da shi a wasannin share fage tare da manya.

In ka ɗauke shi, ka sa shi a bencin ajiya da ake kira taksi in lig ɗinku na da shi, don kar ya cinye maka gurbi. Daga nan sai bibiya. Wasannin Lahadi na farko ƙarfe shida na yamma suke farawa agogon Najeriya a watan Satumba, na dare kuwa sai bayan ɗaya, ba lallai ka hana kanka barci ba, da safiyar Litinin ka duba abu biyu: kaso nawa na wasan ya yi a fili, kuma sau nawa aka nufe shi da jifa. Makin da ya samu shi ne na ƙarshe da za ka kalla. Nacua a wasansa na farko da Seattle sau 15 aka nufe shi, ya cafe 10, mako na biyu da San Francisco ya cafe 15, irin wannan ko makaho ya gani, kuma in yana kasuwar kyauta a lig ɗinku, wato cikin waɗanda ba wanda ya ɗauka, ranar nan za ka zuba abin da kake da shi. Amma yawanci ba haka take zuwa ba. St. Brown sai da aka shiga Disamba ya ci TD ɗinsa na farko, a daƙiƙar ƙarshe ta wasa da Minnesota, wanda shi ne nasarar farko da Detroit ta samu a kakar 2021, daga nan ya jera wasa shida yana cafe takwas ko fiye a kowanne, ya rufe shekara da 90. Waɗanda suka gaji da shi suka yar a watan Oktoba suna kallon jimillar maki ne, alhali yaron yana fili duk tsawon lokacin nan. Ni yanzu ba na sakin sabon risiba kafin ƙarshen kakarsa ta farko, sai in ƙungiyarsa ce da kanta ta daina sa masa kaya ranar wasa.