Yadda ake ɗaukar hoton wata a jiƙaƙƙen gilashi, irin na shekarun 1850

A 1840 sai da John William Draper ya bar farantin ɗaukar hotonsa a buɗe kusan minti 20 a New York kafin hoton wata ya kama. Da Frederick Scott Archer ya fito da hanyar kolodiyon (wani ruwa mai danƙo da ake zuba wa gilashi don ɗaukar hoto) a 1851, lokacin ya dawo daƙiƙu, kuma da ita Warren De la Rue ya ɗauki hotunan wata a Ingila.

Fara da zaɓen dare. Ka bar daren sha huɗu: hasken rana na dukan wata gaba da gaba, ramuka da duwatsu duk su baje. Daren bakwai ko takwas ya fi, domin inuwa na miƙewa a iyakar haske da duhu, kowane rami ya fito da zurfinsa. A nan ake bukatar idon mai zane, ba lissafi kaɗai ba.

Faɗin wata a gilashi kusan kashi ɗaya cikin 110 ne na tsawon fokas ɗin na'urar hangen nesa, wato nisa daga madubi ko tabarau zuwa inda hoton ke haɗuwa: mita 1.1 zai ba ka santimita ɗaya. Na'urar hangen nesa mai madubi ta fi dacewa. Kolodiyon shuɗin haske yake gani, kuma a na'ura mai tabarau shuɗi ba ya haɗuwa inda ido ke ganin hoton ya fito sarai. Wannan ne ya sa masanin taurari Lewis Rutherfurd ya haɗa tabarau na musamman don hoto.

Goge gilashi da sifirit har ya yi tas, in ba haka ba fatar kolodiyon za ta ɓare. Zuba kolodiyon mai ayodayid a tsakiya, karkata zuwa kusurwa huɗu, tsiyaye ragowar. Ka nisanci wuta, don kolodiyon yana kamawa nan take. Ƙarƙashin jar fitila, tsoma gilashin a ruwan silba naitiret, sinadarin da ke sa shi kama haske, giram 9 cikin mililita 100 na ruwa, na minti uku. Sa safar hannu da kariyar ido.

Daga nan minti goma kake da shi kafin gilashin ya bushe, don haka saka shi a na'urar ka ɗauki hoton. Wata na gusawa gwargwadon faɗinsa cikin minti biyu, don haka na'urar ta riƙa bin sa, ko hoton ya yi dishi-dishi. Fito da hoton da ruwan feros salfet a zubi ɗaya, domin tsayawa a tsakiya na barin layi. Ɗauraye, kafe shi da haifo (sinadarin da ke hana haske ɓata hoton), sake wankewa, busar, sannan ka shafa fanish.