Yadda za ka sa ƙaramar kwamfuta ta riƙe maka hanya a kan ruwa

Duk wanda ya taɓa tsallaka tafkin Kainji a lokacin hunturu ya san yadda hazo ke shafe gaɓa, matuƙi ya duba gabas ya duba yamma duk fari fat. Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar a 1968, suna nan a ƙasa suna jiran farfela. Ƙaramar kwamfutar cinya ta hannu za ta iya riƙe maka hanyar da ka bi lafiya jiya, ta nuna maka ita yau.

Fara da zaɓen kwamfutar. Kada ka zuba kuɗi a kan mai tsada, domin ruwa bai san farashi ba. Nemi mai allon inci 10 ko 11, irin su Asus Eee PC da suka fara fitowa a 2007, ko wata makamanciyarta. Abu ɗaya ne ban yarda a yi sassauci a kansa ba: ma'ajiyarta ta zama SSD, wato wadda babu abin da ke juyawa a cikinta. Tsohon faifai mai juyawa ba ya jure girgizar inji da dukan igiyar ruwa.

Sai na'urar GPS mai shiga ta USB, ƴar kewayayya kamar murfin gwangwani. GlobalSat BU-353 ta yi suna wurin masu jiragen ruwa. Ba ta cin data, ba ta buƙatar layin waya, kai tsaye take ji daga tauraron ɗan'adam, saboda haka ko a tsakiyar tafki inda babu sabis tana aiki. Ɗora ta inda take kallon sama, kada rumfar kwano ta rufe ta.

Tun kana gari, inda akwai intanet, sauke OpenCPN, manhajar taswira ta masu jiragen ruwa. Kyauta ce, tana hawa Windows da Linux. Soka GPS ɗin, shiga sashen Connections, zaɓi mashigar da ta bayyana, misali COM3, ka sa gudunta a 4800 idan BU-353 ce. Ka fita tsakar gida ka jira mintuna kaɗan. Idan hoton jirgi ya fito a daidai garinku, an gama wannan.

Maganar wuta ita ce inda mutane suka fi yin asara. Ƙaramar kwamfuta tana jan kamar wat 15, wato amfiya ɗaya da ɗan ɗori daga batir mai bolt 12. Tafiyar awa takwas ba za ta wuce amfiya-awa 10 zuwa 12 ba, kuma farantin sola mai wat 50 zai mayar da wannan a yini guda na rana. Kauce wa inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, tana ƙona wani kaso na wutar a banza kafin ta kai ga kwamfutar. Sayi cajar mota da ta dace da bolt ɗin da aka rubuta a bayan kwamfutarka, galibi 19. Sa fis kusa da kan batir, kuma ka nisanta batir ɗin da jarkokin fetur. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Mazauninta kuwa, samo akwatin roba mai murfi, ka kwantar da shi a gefensa ya zama ƴar rumfa. Yana tare feshin ruwa, yana kuma yi wa allon inuwa, don a tsakar rana ba za ka ga komai ba in babu shi. Shimfiɗa soso a ƙasa, ɗaure akwatin da igiya a jikin katako.

Yanzu ainihin aikin. Manyan ruwayen Amurka da Turai suna da taswirori masu nuna zurfi, amma a ruwanmu taswirar da za ta fisshe ka ita ce wadda ka zana da kanka. Zaɓi ranar da gari ya yi garau, ka ɗauki tsohon matuƙi wanda ya san ruwan, ka kunna maɓallin ɗaukar sawu, ku bi hanyar daga tasha zuwa tasha. Duk inda ya ce akwai kututture, dutse ko tudun yashi, danna alama ka rubuta sunan da mutanen wurin ke kiransa. Da kun isa, ajiye sawun da suna da kwanan wata, ka kwafi fayil ɗin sawun, wanda ake kira GPX, a filas.

Kwanan watan nan yana da muhimmanci, domin ruwa yana cika yana janyewa. Hanyar da ta ɗauke ka lokacin cikar tafki tana iya zaunar da kai a kan yashi idan ya janye. A tafkin Chadi abin ma ya fi haka, ciyawa da tsibirai suna sauya fasali daga shekara zuwa shekara. Don haka kowane yanayi da nasa sawun.

Ranar hazo, buɗe sawun da ya dace, rage gudu, ka riƙe hoton jirginka a kan layin. GPS na iya kuskure da ƴan mitoci, kuma ba ta ganin kwale-kwalen da ke tahowa, ba ta ganin dorina. A bar yaro ɗaya a goshin jirgi da gora a hannu, kowa kuma da rigar kariya a jikinsa.